Jar Motar Auta: Kwana Biyar a Zangon Wagadugu

Wannan karon ba maganar farashin albasa ko goro na zo da ita ba. Labarin wata mota ne da ta kusa cinye jarin yayata, da kuma abin da na koya a kanta a garin da aka haife ni. Duk mai ɗa ko ƙane da ke zuwa Lome ko Kwatano sayen mota, ya daure ya karanta har ƙarshe.

Ranar wata Lahadi a watan Fabrairu ina rumfata a Kumasi ina lissafin buhuna, sai ga wayar Yaya daga Wagadugu. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, abin da ba halinta ba ne. Ta ce, "Alhaji, ka zo ka ga ɗanka. Kwana uku ke nan Auta ba ya cin abinci, ya tasa mota a gaba kamar mai zaman makoki."

Auta ya yi shekara huɗu yana bin wani dillalin motoci zuwa tashar jiragen ruwa ta Lome, yana tuƙo masa kaya. Wannan ne karo na farko da ya sayi tasa ta kansa. Wani matashi mai sayen zinariya ne ya ce yana son motar 'yan gayu, mai ƙofa biyu, ya ba da kafin alƙalami miliyan 1 na sefa. Auta ya zuba miliyan 1 da rabi da ya tara. Sauran miliyan 2 da rabi na Yaya ne: shanunta uku da ke hannun Fulani, da kuɗin adashi, da 'yan kunnenta na gwal. An yi ciniki a kan miliyan 5 da jika 600, za a miƙa mota ranar Juma'a. Ga wanda bai saba ba, jika ɗaya ita ce sefa 1,000, yadda mutanen Nijar ke ƙirgawa.

Washegari na kama hanya: Tamale, Bolgatanga, Paga, na tsallaka iyaka a Dakola, na bi ta Po. Na shiga Wagadugu bayan la'asar, ƙurar hunturu ta rufe gari, babura sun cika titi kamar fari, maza da mata, wasu da goyo, wasu da tumaki a baya.

Zango biyu

Wanda ya tare koriyar tasi a Wagadugu yau ya ce a kai shi Zango, sai ya ƙara bayani. Zangon da aka haife ni, wanda Mosawa ke kira Zanguwetin, wato unguwar Hausawa, yana tsakiyar gari ne, tsakanin babbar kasuwar Rood Woko da filin jirgin sama, kusa da titin Kwame Nkrumah. Kakanninmu fataken goro da ke bi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja sun saba yada zango a ƙasar Mosi tun kafin Faransawa su kama garin a 1896. A nan wasu suka zauna, suka yi aure, suka gina masallatai da makarantun allo.

Shekarar 2003 ba za ta fita daga ranmu ba. A watan Mayu gobara ta cinye Rood Woko, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. Kafin shekarar ta ƙare kuma aka shiga rushe Zanguwetin da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, a ƙarƙashin shirin ZACA na gina sabuwar cibiyar kasuwanci da ofisoshi. Dubban mutane suka tashi. Aka ba masu gidaje filaye a gefen Waga 2000 da kuma Niyoko. Gidanmu na gado ne, da aka raba abin da aka samu tsakanin magada goma sha ɗaya, kason Yaya bai kai na gini a can ba.

Shi ya sa take zaune a ɗaya Zongon, can yamma da gari, bayan Pisi, a yankin Bulmiyugu, gefen hanyar Bobo. Suna ne kawai ya zo ɗaya, yawancin mazauna wurin Mosawa ne. Irin unguwannin nan ne da ake kira "non loti", inda hukuma ba ta yanka filaye ba tukuna. Gidajen tubalin ƙasa ne, lunguna a karkace, ruwa a ganga ake turo shi a amalanke, da dare fitilun sola ke haska ƙofofi. A bakin dam ɗin Bulmiyugu masu lambu na noman salak da karas da wani jan ɗan itace mai daɗi da suke kira firez, mata na tallarsa a faranti a bakin titi.

A irin wannan wuri na iske motar. Ja ce wur, ƙirar Japan ta 2006, kujera biyu, silinda shida, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. An lulluɓe ta da tsohon zane a gindin darbejiya, gefenta jakin maƙwabci a ɗaure. Yaran unguwa sun sa mata suna Amarya, wai don kullum tana lulluɓe ba ta fita. Motocin hannu irin wannan a Burkina "France au revoir" ake ce musu, wato "sai wata rana Faransa", kamar yadda ake cewa 'yar Kwatano a Kano.

Yadda abin ya faro

Bayan sallar isha'i na zaunar da Auta na ce ya faɗa mini komai, kada ya rage.

Ya ce, "Kawu, wallahi a Lome lafiyarta ƙalau. Na tayar da ita, ba wata fitila a gaban sitiyari. Mun wuce Sinkase lafiya. Bayan Tenkodogo sai wata fitila ruwan ɗorawa mai hoton inji ta kama. Motar ta fara jijjiga in na tsaya, in na taka totur kuma ta riƙa cijewa. Kafin Kupela fitilar ta koma ƙyaftawa, wata mai hoton mota tana santsi ita ma ta kama."

Na ce, "Sai ka tsaya?"

Ya sunkuyar da kai. A Kupela wani bakanike ya cire kan batir na minti goma ya mayar, fitilu suka mutu, ya karɓi jika 5. Ba su yi nisa ba suka dawo. Dare na yi, hanya ba ta kwana ba ce, sai ya taka a haka har Wagadugu, wajen kilomita 140, fitila na ƙyaftawa.

A gari ya zaga gareji uku. Na farko ya canza fulogi duka shida, waɗanda a can ake kira buji, ya sa wasu na araha. Na biyu ya wanke tanki ya ce mai ne ba kyau. Na uku ya kasa kunne ya ce sai an sauke inji. Jika 90 ta tafi, Amarya na nan tana rawar ɗari. Sai wani abokinsa ya kawo shawara: a buɗe allon gaban direba a liƙe fitilar da baƙin salatif, a ɗaga silo kaɗan don jijjigar ta ɓoye, a miƙa mota ranar Juma'a, in ya so mai zinariya ya ji da ita.

Ya ce, "Kawu, kuɗin Inna nake ji. In mutumin nan ya fasa, ina zan samo miliyan ɗayansa?"

Ban yi masa faɗa ba, don na ga tsoron da ke idonsa. Na ce ya kwanta, gobe za mu je gaida Baba.

Wurin Baba Alhaji

Baba Alhaji abokin mahaifinmu ne, ya haura tamanin. A tsohon Zango shi maigida ne: baƙin fatake a gidansa suke sauka, shi ke ajiye musu kuɗi, shi ke nemo dillali, shi ke tsayawa shaida in za a ba da bashi. Yanzu yana zaune a filin da aka ba su a gefen Waga 2000, inda ka wuce manyan gidaje da ofisoshin jakadanci kafin ka iso layin mutanenmu. Mun hau babur ɗin Auta muka ratsa gari tun daga yamma har kudu. Na iske tsofaffin fuskoki a ƙofar masallaci, ana ta "Kai, ɗan wane ne! Yaushe a gari?"

Da Baba ya gama jin labari sai ya dubi Auta ya ce, "Jikana, a gidana an sayar da jakuna da dawaki ba adadi. In dabba na ɗingishi, a gaban mai saye nake faɗa. Ba don na fi kowa tsoron Allah ba. Don in na ɓoye sau ɗaya, ba baƙon da zai sake sauka a gidana, kuma ba Bamoshen da zai sake yarda da Bahaushe a bakina. Ita wannan fitila da kake son liƙewa, shaida ce. Ba a toshe bakin shaida, tambayarsa ake yi me ya gani."

Sannan ya sa aka kira masa wani jikansa direba, wanda ya kwatanta mana wani gareji a Gungen, ya ce mu nemi Madam.

Madam da akwatinta

Ba mu tayar da motar ba, janta aka yi. Fitar da ita daga lungunan Zongo kaɗai ya ci mana awa guda, ana sa katako a ramuka don kada cikinta ya daki ƙasa.

Gaskiya da na ga Madam sai da na yi turus. Yarinya ce da ba ta wuce talatin ba, da rigar aiki shuɗiya da ɗankwali. Ashe a Wagadugu ba baƙon abu ba ne. Akwai cibiyar CFIAM da ke koya wa 'yan mata gyaran mota da wutar mota, har an yi fim a kansu mai suna Ouaga Girls a 2017. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce, "Alaji, ku zauna a inuwa. Kafin in taɓa sifana sai na ji abin da motar ke cewa." Auta ne ke fassara mini inda Faransancina ya gaza.

Ta ɗauko wata na'ura kamar babbar waya, wadda suke kira baliz, wato akwati. Ta durƙusa ta jona ta a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Ta ce duk motar da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996 tana da wannan kafa, haka ma motocin fetur na Turai daga 2001. Ƙwaƙwalwar motar, wadda kanikawanmu ke kira birenbos, tana rubuta duk laifin da ta gani da lamba. Fitilar gaban direba sallama ce kawai, maganar tana ciki.

Lambobi huɗu suka fito, ta sa Auta ya rubuta su a takarda kafin a goge komai: P0300, P0304, P0174, P0430.

Ga yadda ta warware mana su. P0300 na nufin injin yana tsallake tashi nan da can. P0304 na nufin silinda ta huɗu ce ta fi yi; lambar ƙarshe ita ce lambar silinda, da ta ɗaya ce da sai a ga P0301. P0174 na nufin a ɓangare ɗaya na injin iska ta fi mai yawa. P0430 kuma na cewa matatar hayaƙi ta wannan ɓangaren ba ta aiki yadda ya kamata. Matatar nan ita ce 'yan Najeriya ke kira indomi.

Na ce, "To 'yata, tunda ta faɗi laifin, sai a canza abin da ta ce."

Ta yi dariya ta ce, "Alaji, ba ta ce a canza komai ba. Ta ce ɗaki na huɗu ba wuta. Ba ta ce ko ashana ce ta jiƙe ko itace ne babu ba."

Wannan misali nata ya zauna mini. Kowace silinda kamar murhu ce, tana son abu huɗu a lokaci guda: iska, da mai, da tartsatsin wuta, da matsi. In ɗaya ya gaza, wannan silindar ba za ta tashi ba, sauran biyar su riƙa janta, shi ne jijjigar da ake ji. Aikin mai gyara shi ne ya gano wanne ne ya gaza, ya fara daga mai araha zuwa mai tsada.

Ta fara da wuta. A irin wannan inji kowane fulogi da kwayil ɗinsa a kansa, wanda suke kira bobin. Ta cire na silinda ta huɗu ta kai shi ta biyu, ta kawo na biyu ta huɗu. Ta goge lambobi, ta tayar da inji na 'yan mintoci. Sai ga P0302. Laifin ya bi kwayil ɗin ya koma ɗaki na biyu. Ba a kashe ko dala ba, an kama ɓarawo. Ta ce da laifin ya tsaya a ta huɗu, da sai ta yi wa fulogi irin wannan musanya, in bai motsa ba ta koma kan nozul mai fesa mai.

Amma ba ta tsaya nan ba. Ta haska tocila a ramin fulogi na huɗu ta kira ni. Baƙin mai ne kwance a ciki. Robar murfin saman inji ta bushe saboda tsufa, mai na tsiyaya yana jiƙa ƙafar kwayil har ya kashe shi. Ta ce in aka sa sabo ba a canza robar ba, wata kaɗan za a dawo gidan jiya. Fulogan da aka sa masa kuma ta zare su ta nuna mana: ba irin na wannan injin ba ne, ratar bakinsu ma ba ɗaya ba.

Sai maganar iska. Ta bi babban tiyon roba da ke kai iska cikin inji tana lanƙwasa shi da hannu, sai ga tsaga a ƙasansa, inda ido ba ya gani. Akwai wata 'yar na'ura bayan matatar iska da ke auna iskar da ke shiga, ƙwaƙwalwa kuma da wannan awo take ba da mai. Iskar da ta shiga ta tsaga ba a auna ta ba, sai mai ya yi kaɗan. Ita kanta na'urar awon ta yi ƙura, matatar iskar kuwa kamar an tono ta daga rami. Ta ce wanda ke tuƙi a ƙurar Wagadugu kada ya jira lissafin kilomita na Turawa kafin ya duba matatar iska.

Daga ƙarshe ta auna matsi, don a san ko maganar sauke inji na da tushe. Ta ɗaura agogon awo a ramin kowane fulogi ana murza makulli. Duka shida allurar ta tsaya tsakanin 12 da 13. Ta ce in dai sun yi kusa da juna haka, zobban fistin da bawul lafiya suke. Auta ya sauke wata ajiyar zuciya da sai da kowa ya ji.

Abin da ba ya gyaruwa da araha

Ranar Laraba aka samo kwayil da fulogai na asali da roba da tiyo. Kaya da aiki suka tashi jika 185. Injin ya koma yana kaɗawa sumul, ka ɗora kofin shayi a kansa ba zai zube ba. Fitilar santsin nan ma ta mutu da kanta. Madam ta ce a motoci da yawa in inji ya sami matsala, ƙwaƙwalwa kan kashe na'urar hana santsi ta kunna fitilarta, sai mutum ya ɗauka laifi biyu ne alhali ɗaya ne.

Amma ta gargaɗe mu cewa P0430 na iya dawowa. Ta sa Auta ya yi ta zagaye da motar a kan kwalta ranar Laraba da Alhamis. Da yammacin Alhamis fitilar inji ta sake kamawa, a tsaye ba ƙyaftawa. Lamba ɗaya ce tak, ita ce dai.

Nan ta yi masa bayanin da ya sa shi hawaye. Fitilar inji in ta kama ta tsaya, tana cewa akwai laifi, a je a duba ba da jimawa ba. In tana ƙyaftawa, cewa take a sassauta a tsaya yanzu. Dalili kuwa, man da bai ƙone a silinda ba yana gangarawa salansa ya ƙone a cikin matatar hayaƙi, zafin ya narka saƙar da ke ciki. Tafiyar nan daga Kupela ita ta ci matatar. Kwayil na jika 35 ya jawo ɓarnar da ko ta hannu aka samo sai an kashe wajen jika 250. Matatar na da tsada ne saboda akwai ƙarafa masu daraja irin su filatinom a cikinta, shi ya sa ma ake sace ta.

Ta ƙara da maganar mai. Ta buɗe murfin tanki ta nuna mana takardar da ke liƙe, an rubuta 98. A gidajen man Burkina kuwa Super 91 ake sayarwa. Ta ce injin yana da kunnen da ke jin ƙwanƙwasa ya rage wa kansa ƙarfi don ya tsira, amma kada a riƙa take ta har ƙasa da tsakar rana, kuma kada a kuskura a zuba mata man kwalba na bakin titi.

Abokin nan na Auta ya sake zuwa da dare. Ya ce yanzu ai abin ya zo da sauƙi: inji lafiya, a goge lambar da safe, ba za ta dawo ba sai bayan kwana ɗaya ko biyu, lokacin kuɗi sun shiga hannu. Gaskiya ne kuma, haka abin yake. Yaya na daga cikin ɗaki tana ji. Sai ta ɗaga labule ta ce, "Auta, shanuna na halal ne. Kada ka dawo mini da su da wani abu a haɗe." Ba ta ƙara ko kalma ba.

Ranar Juma'a

Bayan an sauko daga masallaci muka haɗu da mai zinariya a garejin Madam. Auta ya miƙa masa takardar lambobin da rasiɗan kaya, ya kunna makulli ya nuna masa fitilar da yatsa, ya faɗa masa abin da aka gyara da abin da ya rage, har maganar mai. Muryarsa na rawa, amma ya faɗa duka.

Mutumin bai ce madalla ba. Ɗan kasuwa ne, ya ga ƙofa ya shiga. Ya ce sai an rage miliyan guda. Aka yi ta ja, ni da shi, Madam na faɗin kuɗin matata tsakani da Allah. Ya ɗauki motar ya hau hanyar Bobo da ita, muna jin kukanta har ta ɓace, ya dawo yana murmushi yana ƙoƙarin ɓoyewa. Aka tsaya a ragin jika 400. Ya ce "yel ka ye", wato ba matsala, ya ƙirgo kuɗi.

Ga lissafin: ribar da Auta ya sa rai jika 600 ce. Kanikawan farko sun ci 90, na Kupela 5, gyaran gaskiya 185, ragi 400. Ya tashi da asarar jika 80, ban da wahalar hanya. Kuɗin Yaya sun dawo cif, asarar daga nasa ta fita. Mai zinariya ya karɓi lambarsa ya ce zai neme shi in zai sayi motar ɗaukar kaya. Ko zai nema ko ba zai nema ba, Allah ne masani.

Ga masu zuwa sayen mota

Abin da na tsinta a kwanakin nan, ga shi a taƙaice, don kada wani ya biya kuɗin makarantar da muka biya.

In za ka sayi mota, murza makulli ba tare da ka tayar da inji ba. Dole fitilun gaba su kama duka, har da mai hoton inji, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, an cire ta ko an liƙe ta.

Rashin fitila ba shaidar lafiya ba ne. Ka sa a jona na'ura. Ko an goge lambobi, tana nuna cewa ƙwaƙwalwa ba ta gama gwaje-gwajenta ba, alamar an goge ko an cire batir kwanan nan. Madam na zaton haka aka yi wa ta Auta kafin ya saya. Kuɗin jona na'ura bai kai kuɗin fulogi biyu ba.

Ka tayar da inji da sanyinsa, ka kuma yi tafiya da ita har ta yi zafi. Wani laifin sai da sanyi yake fitowa, wani sai da zafi.

Jar fitila ba a ciniki da ita. Ta baƙin mai mai kamar buta, ko ta zafin inji, in ta kama ka gangara gefe ka kashe mota nan take. Ruwan ɗorawa a tsaye, ka nufi gareji a hankali. Ruwan ɗorawa mai ƙyaftawa, ka nemi wuri mai aminci mafi kusa ka tsaya.

Cire kan batir ba gyara ba ne, share shaida ne. A rubuta lambobi kafin a goge. Kuma duk bakaniken da ya ce a sauke inji bai auna matsi ba, ka ce masa za ka yi shawara.

Sannan ka dubi inda motar za ta zauna. Motar tsere an yi ta ne don kwalta mai laushi da mai mai kyau. Kayanta ba a kowace kasuwa ake samu ba, masu sayenta kuma 'yan kaɗan ne. In mai oda ya fasa, za ka daɗe kana lulluɓa mata zane. Wanda jarinsa na uwa ne ko na marayu, ya fara da motar da kowa ke nema.

Kafin in tafi

Da yammacin Juma'ar na ce Auta ya kai ni tsohon Zango. Benaye ne yanzu, da bankuna da otal, da wasu filaye da aka kewaye da kwano har yau ba a gina ba. Na yi ta dube-dube in gane inda ƙofar gidanmu take, inda mahaifinmu ke shimfiɗa buzu yana kwance huhun goro, ban gane ba. Wani mai gadi ya tambaye mu wa muke nema. Na ce ba kowa.

Muka yi magariba a babban masallacin gari. A hanyar komawa na tuna muna samari a 1984, lokacin da Thomas Sankara ya canza wa ƙasar suna daga Haute-Volta zuwa Burkina Faso, ƙasar mutane masu gaskiya, ya kuma sayar da Marsandin gwamnati ya sa ministoci shiga ƙaramar Renault 5. Na ba Auta labarin, ya yi dariya, dariyarsa ta farko tun zuwana. Ya ce, "Kawu, ni ma daga yau ƙananan motoci zan riƙa ɗaukowa."

An rushe mana unguwa, amma a kwana biyar ɗin nan na ga abin da ya rage: tsoho ya tura ka wurin jikansa, jikan ya tura ka wurin mai gaskiya ko da ba yarenku ɗaya ba, uwa ta ɗaga labule ta faɗi kalma ɗaya. Da asubar Asabar Yaya ta ɗaure mini firez a leda in kai wa yara, ko da yake kafin Tamale duk sun narke. Auta kuwa ya ce in ya koma Lome, abin da zai fara saya shi ne 'yar ƙaramar na'urar nan ta jonawa, ya sa a aljihu.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya tsare mu a hanyoyi, ya raba mu da cin haƙƙin wani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.